Lahadi Uku Ina Neman Muryar Iya

Shekarar da ƴan garinmu mazauna ƙasashen Kurmi suka haɗa kai suka aiko mana da antan ta intanet, ni aka damƙa wa makullin ɗakin da za a kafa ta. Ba don na fi kowa ba. Ni kaɗai ce a garin na taɓa yin wata shida a Madawa ina goge tebura a siber ɗin taubashina, wato shagon intanet, ina leƙen hannunsa yana danne-danne, kuma a wurin mutanenmu wannan ya isa a kira mutum injiniya. Ban musa ba. Har sabuwar atamfa na ɗinka saboda ranar buɗewa.

Garinmu yana can bayan Tamaske, inda hanya ke hawa dutse tana sauka har mota ta gaji. Babu gidan da ba shi da namiji a waje: wannan Abijan, wancan Libiya, wani Legas. Da an gama girbi motoci ke kwashe su, gari ya koma na mata da tsofaffi da masu garkar albasa. Rezon waya kuwa sai mutum ya hau tudu ya ɗaga hannu sama yana juyi, wanda bai sani ba ya ce aljanu ne suka hau shi. Don haka ranar da aka kafa antan ɗin, har matan da ba su taɓa riƙe waya ba sun yi guɗa.

Tsohuwar mangazar ƙungiyar mata, inda suke ajiyar kaya, aka gyara mana. Aka ɗora panno biyu na hasken rana a rufi, aka kawo batir da ordinatar guda, wato kwamfuta, mai kamara, da wani ƙaramin akwati fari mai ƙyafta fitilu. Akwatin nan shi ne mai gadin ƙofa. Duk abin da zai shigo garin daga intanet, da duk abin da zai fita, ta cikinsa yake bi. A cikinsa ake rubuta dokokin da ke cewa wannan ya wuce, wannan ya tsaya, wannan ya jira, kuma masu sana'ar suna kiran wannan sashe parfe. Dattawanmu sun san sunan tun lokacin da ake kai su arewa share hanyar tare gobarar daji, sai suka gyaɗa kai suka ce madalla, ko ba komai ɗakin ba zai ƙone ba.

Lahadi ce ranar kira, don ita ce ranar da mazan Abijan ke samun sararin zama. Tun hantsi mata ke jeruwa a inuwar bedin ƙofar ɗaki, kowa ta sha lalle ta ɗaura zanen fita. Samari kuwa suna zagaye da ɗakin da wayoyinsu, sun manne da bango, don rezon akwatin yana kaiwa har gindin itacen.

Makon farko abin ya zo da shirme. Fuska ta fito tar, a yi sallama, a fara gaisuwa, sai hoto ya daskare. Wani mutum ya daskare baki buɗe ido ɗaya a rufe, matarsa ta ɗauka raini ne, ta wanke shi tas da faɗan da ta tara tun bara. Da hoton ya motsa sai ga shi yana tambayar lafiyar awaki, bai ji ko kalma ɗaya ba. Wata kuma ta sanar da mijinta haihuwa sau huɗu, shi yana can yana ta cewa alo. Muka yi dariya har cikinmu ya ƙulle, amma da yamma ta yi dariyar ta dawo kaina. Mata suka fara kirana injiniyar gumaka.

Ni ba ni da haƙurin raini. Na buɗe dokokin akwatin na ƙure wa samari ruwa: na rage wa kowace waya abin da za ta iya jawowa, na ce kallon kokawarsu da waƙoƙinsu ne ke cinye hanya. Lahadi ta zagayo, mu muna ganin na can da kyau, su kuwa ba su ganinmu ba su jinmu. Ran kasuwa na ɗaure ɗankwali na shiga motar Madawa, na zauna tsakanin buhunan albasa ina shirya ƙarar da zan kai.

Taubashina ya saurare ni yana shan shayi, yana murmushin nan nasa mai sa mutum ya so jifansa da takalmi. Da na gama ya ce dama ya san baiwarsa za ta dawo hannunsa, na ce bawa dai ya san kansa, ya yi mini bayani ko in tafi. Sai ya jawo takarda ya zana layi biyu, ɗaya mai faɗi ɗaya siriri. Ya ce mai faɗin ita ce hanyar shigowa, siririn ita ce ta fita, haka ake sayar da irin layinmu. Ni na tsaya ina gadin babbar ƙofa, alhali cunkoson yana ƙaramar. Muryar matar da ke zaune a ɗakina fita take son yi. Idan ta tarar da wani ya cusa bidiyon biki gabanta, sai ta tsaya a baya, kuma murya ba ta jure jira.

Ya ce in tuna yadda ake ban ruwa a garka. Rijiya ɗaya ce, amma mai hankali yakan fara buɗe wa fangalin da ya fi ƙishi, ya toshe sauran har ya ƙoshi. Ya koya mini in yi layuka huɗu a hanyar fita: murya a gaba, hoton kira a bayanta, sai ƙananan saƙonni, sauran tarkace a ƙarshe. Ya ce in auna iyakar abin da layin ke iya fitarwa, in sa wa akwatin iyaka ƙasa da haka kaɗan, don cunkoson ya taru a ɗakina inda nake da iko, kada ya taru can gaba inda babu mai jin maganata. Hanyar shigowa ma in tsara ta haka, amma in sassauta wa samari, ba su ne ɓarayin ba. Ya sa na maimaita sau uku, ya saya mini tsire, ya ce in koma ƙauye kafin a sace ni.

Washegari na zauna gaban ordinatar na buɗe shafin da ke nuna wace waya ce ta fi tura kaya waje. Na riga na shirya wulaƙancin da zan yi wa mai ita a bainar jama'a. Lamba ɗaya ta fito a sama, ta fi kowa nesa ba kusa ba. Na duba, na sake dubawa, na zaro wayata daga jaka. Tawa ce. Tun ranar buɗewa take kwashe hotunan da na ɗauki kaina da sabuwar atamfa tana tura su ajiya can sama, ba dare ba rana, ba tare da ta tambaye ni ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na kashe abin shiru, kuma sai yau da nake rubuta wannan mutanen garinmu za su sani.

Na rubuta dokokin ɗaya bayan ɗaya, harshena a waje don tsananin kula. Lahadi ta zo, matar farko ta zauna, ta yi sallama, mijinta ya amsa tun kafin ta rufe baki. Ta juyo ta dube ni, na dube ta. Ta ce masa ya ɗaga hannu, ya ɗaga, ta ɗaga nata, ya ce ya ga lallen. Wayyo daɗi. Na fita waje da gudu na yi rawa a gaban layin mata, rawa ta gaske har ɗankwali ya faɗi, su kuma suna tafi suna buga ƙwarya. Ranar aka yi kira ashirin da wani abu babu wanda ya daskare. Aka aiko mini da fura daga gida uku, wata ta kawo ƙwan zabi. Injiniyar gumaka ta koma mai rezo, har yara kan bi ni da sunan in na je rijiya.

Daɗi ya yi mini yawa sai na shiga ƙawa. Na tuna yadda ake keɓe wuri a siber na birni, na sayo yadi shuɗi na yi labule na zagaye ordinatar, na sayo kas mai mikro da ake sawa a kunne. Na kafa doka da bakina: mutum ɗaya a bayan labule, kowa da sirrinsa, babu mai leƙe. Matan aure suka sa mini albarka. Na riƙa zama a waje da ƙaramin ekran mai nuna aikin akwatin ina kallon layuka biyu suna rawa, kore na shigowa, ja na fita, ina jin kaina wata babba.

A cikin wannan shagali ne Iya ta zo. Tsohuwa ce ta unguwar gabas, siririya, ba ta rabuwa da carbi. Mijinta ya rasu bayan girbi. Ɗanta yana Abijan shekara da shekaru yana sayar da agoguna da tabarau, kuma bai samu zuwa jana'iza ba, labarin ya iske shi an riga an rufe. Shi ya aiko mini da saƙon murya ya roƙi in ba tsohuwarsa wuri ran Lahadi. Na zaunar da ita, na gyara mata kas a kan kallabi, na nuna mata inda za ta duba, na ja labule na fito. Minti ashirin ta yi. Ta fito ta ce Allah shi yi albarka, ta tafi.

Ban kai gida ba saƙonsa ya shigo. Muryar babban mutum ce.

"Ƙanwata, don Allah ki duba injin ga. Ina ganin bakinta na motsi tun farko har ƙarshe, magana taka yi mani, amma ko kalma guda ba ta zo ba. Ban zo rufe tsoho ba. Ban san ko yahe mani taka yi ko hushi taka yi da ni ba. Ina son in ji, ko wanne ne."

Na saurari saƙon sau uku a tsaye a hanya. Tausayi ya kama ni, bayansa kuma zuciya ta taso. A ɗakina, a kan akwatina, muryar uwa ta ƙi kaiwa ga ɗanta? Na mayar masa da amsa na ce ya kwantar da hankalinsa, Lahadi mai zuwa zai ji ta ko da zan kwance injin ɗin gaba ɗaya.

Na fara da kas. Na sa shi na kira taubashina na rera masa waƙar daka, ya ce yana ji sarai kuma ya roƙe ni don girman Allah in daina. Kas lafiya lau. Na koma kan dokoki na ce wataƙila manhajar da ɗan Iya ke kira da ita tana bi ta wata ƙofa da ban sa wa alama ba, muryar tana faɗawa layin tarkace. Sai na rubuta sabuwar doka: duk abin da ya fito daga ordinatar bayan labule, ko mene ne, shi ne a gaba.

Lahadi ta biyu Iya ta shiga, na ja labule, na kafa ido a ekran. Hoto yana fita daidai. Amma layin murya, wanda ke tsalle in matan aure na zuba, ya kwanta shame-shame. Da ta fito na durƙusa na tambaye ta ko tana jin sa, ta ce tana ji. Na ce shi fa ba ya jin ki, Iya. Ta ce to. Ta gyara mayafi ta tafi abinta. Ban tambaye ta ko ta yi magana ba. Wa zai dubi tsohuwa ya yi mata wannan tambaya, ga shi ɗanta da idonsa ya ga baki na motsi?

Saƙonsa na ranar gajere ne. Ya ce ya bar teburinsa ya hau benen wani maƙwabci don ya samu rezo mai kyau, ya sayi sabon abin kunne, duk a banza. Ya ce ya yi ta roƙon gafara yana kallon bakinta yana ƙoƙarin karanta amsar, bai iya ba. Ya ce kwana biyu abinci ba ya shiga.

Daga nan na haukace. A makon nan babu abin da ban taɓa ba. Na hau rufi da tsani na wanke antan da sabulu. Na kori awakin da ke kwana jikin bango na ce suna tauna waya, mai awakin ta ce ita dai ba ta taɓa ganin akuya ta ci murya ba. Na canza wayar da ta haɗa ordinatar da akwati. Na goge dokokin duka na sake rubuta su daga farko. Na kira taubashina har ya daina ɗauka, ya aiko da saƙo cewa dokokina daidai suke, in je in nemi mai ruƙiyya.

Lahadi ta uku na yi abin da har yau ake ba da labarinsa. Da Iya ta zauna, na rufe hanyar fita ga kowa da kowa a garin, na bar wa ordinatar ita kaɗai. Ba saƙo, ba hoto, ba gaisuwa. Samari suka taso suna ɗaga wayoyi. Wani dillalin albasa da ke son tura wa mai saye hoton buhunansa kafin mota ta tashi ya zo ƙofa yana kumfar baki, ya ce antan ta gari ce ba gadon gidanmu ba. Na tsaya a bakin ƙofa hannu a ƙugu na ce ko gwamna ne yau sai ya jira, albasa ba ta ruɓewa a minti ashirin. Ya kira ni da wani suna, na kira shi da biyu. Mata suna ta dariya suna zuga mu.

Na koma na dubi ekran. Hanya fes, babu kowa a kanta, an share wa muryar Iya fili tun daga garinmu har bakin teku. Layin murya yana nan kwance. Na zauna a ƙasa na rasa abin yi, hawayen takaici suka zubo mini.

Da la'asar na koma gida na iske innata a tsakar gida tana tsinke zogale. Na zauna na hau zuba mata, da parfe da layuka da komai, ita ba ta san ko ɗaya ba, tana dai cewa uhm. Da na kai wurin labule sai hannunta ya tsaya. Ta tambaye ni wace tsohuwa, na faɗa. Ta tambaye ni wane ɗa, na ce na Abijan mai agoguna. Ta ce kuma ita kaɗai nake rufewa da shi a bayan ƙyalle? Na ce eh mana, sirri ne.

Innata ta ajiye faifai ta fara dariya. Ta yi dariya har ta kwanta a tabarma, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Da ƙyar ta samu numfashi.

"Ke dai anka yi sakarya. Ɗanta na fari ne. Wa kika taɓa gani tana zance da ɗan fari ido da ido?"

A rashin sani kaza ta kwana a kan dami, amma ni ba rashin sani ba ne, mantuwa ce ta mai girman kai. A gidan nan na tashi. Innata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, wancan take ce masa. In tana son ya ci abinci ni take ce wa in gaya wa wancan tuwo na hucewa, shi kuwa yana zaune taku uku daga gare ta. Kunyar ɗan fari ce, ƴan zamani sun fara sakinta, amma tsaran Iya da ita za su shiga kabari. Innata ta ce a da in ɗan ya kira waya, tsohon ne ke riƙewa, Iya tana gefe tana jefa wa mijinta magana, ɗan yana tsinta. Yanzu tsoho ya tafi, ni kuma na zo na kore mata kowa na ja labule. Na ce to bakin da ke motsi fa? Ta ce carbin da ke hannunta na ado ne?

Kunya ta rufe ni, sai kuma dariya ta ƙwace mini, muka yi ta yi ni da innata har zogale ya zube. Amma da na tuna mutumin can a saman bene yana karanta leɓɓan uwarsa, dariyar ta ɗauke. Shi ma ya san al'adar, ya fi ni saninta. Sai dai ya ga an bar su su biyu, tsoho ba ya nan, ga baki na motsi, ya sa rai cewa yau dai ta yi masa magana. Na ɗauki waya in gaya masa gaskiya, na fasa. Na ce masa kawai na gano inda matsalar take, ya zo Lahadi.

Na mayar da dokokin yadda taubashina ya koya mini, na buɗe wa gari hanyarsa, na je har rumfar dillalin albasa na ba shi haƙuri, ya ce ya haƙura amma suna biyun nan bai manta ba. Ran Lahadi da Iya ta iso na zuge labulen gefe guda, na cire kas na ajiye, na kunna lasifikar ordinatar. Na jawo kujera ƴar tsugune na zauna dab da ita, kafaɗata na taɓa tata. Ta dubi kujerar, ta dube ni ta wutsiyar ido. Mata kuwa na roƙe su su ja baya zuwa gindin bedi.

Fuskarsa ta fito. Ya yi sallama, ni na amsa. Ya gaishe da tsohuwa, ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Na ce a raina in wannan ma bai yi ba sai in mayar da makulli. Can sai Iya ta juyo gare ni, ta ba ekran gefen fuska.

"Ɗiyata, wanga na cikin madubi ya rame. Ba su da hatsi can?"

Mutumin ya dafe baki da hannu. Ni kuwa don murna na kusa faɗowa daga kujera, na ce masa Iya ta ce ka rame. Ya ce in ce mata zai ci, yau ɗin nan zai ci. Daga nan ta ɓalle. Ta gaya mini gero ya yi kyau a gonar fadama amma tsuntsu ya yi ɓarna. Ta gaya mini katangar baya ta faɗi, kuma akwai waɗanda in sun ga dama sai su aiko a gyara. Ta ce hular da ke kan wasu mutane ba ta dace da mai furfura ba. Yana dariya yana share ido, yana cire hular.

Sai ya ce in tambaye ta abin da take faɗa Lahadi ukun nan da bai ji ba. Na tambaye ta. Ta ɗaga carbin kaɗan ta ce ba da shi take ba, da Mai Sama take a kan wani, kuma wannan magana ba ta bi ta akwatina ba, in daina wahalar da awakin mutane. Ashe duk haukan da na yi tana da labari.

Ya sunkuyar da kai ya ɗago, ya kira ni ƙanwata, murya can ƙasa.

"Ki ce mata ban zo ba. Tsoho ya tahi ban ɗauki gawarshi ba, ban zuba mashi ƙasa ba. Ki ce ta yahe mani."

Na juya zan maimaita mata. Iya ba ta jira ni ba. Ta kama hannuna ta riƙe gam, idonta a kaina.

"Ki ce mashi tsohon bai tahi da hushin kowa ba. Ranar da za shi cika, bargon da wani ya aiko mashi shi ne a jikinshi, ya hana a ɗauke. Ki ce babu abin yahewa. In ma akwai, an yahe tun ba a roƙa ba."

Mutumin ya kifa kai a kan gwiwa, kafaɗunsa na girgiza. Da ya ɗago ya ce in bar shi, ya ji, ya ji duka. Amma Iya ta matsa hannuna ta girgiza shi.

"Hwaɗa mashi mana. Ke nika ba saƙon, ba shi ba."

Sai na juya na fuskanci kamara, ina kuka ina jan hanci, na faɗa masa daga farko, kalma bayan kalma, har da bargon. Ya saurara bai katse ni ba. Ita kuma tana riƙe da hannuna tana gyaɗa kai a kan kowace kalma, ta ga ko zan rage wani abu.